Amsa ga Yarona Kan Zaɓen Ƙaramar Kwamfutar Tebur

Ɗana, na karanta saƙonka game da Hajiyar nan mai shagon buga takardu da cike fom, wadda take neman ƙaramar kwamfutar tebur, irin wadda ake ɗorawa a gefen monita, kuma kuɗin da ta ware ba su da yawa. Ka ce guda uku ka samu a kasuwa: sabuwa dal a kwali mai furosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) Intel N100, da tokumbo ƙirar Dell OptiPlex 3060 Micro mai i5-8500T, da wata tokumbo mai i7-4785T wadda ta fi sauran arha. Ka kuma ce hankalinka ya fi kwantawa da ta ukun, tunda i7 ce kuma kuɗinta ya fi sauƙi, sannan ka tambaye ni: "Maigida, ko in ɗaukar mata ita?" Kada ka ɗauka, kuma zan yi maka bayanin dalili dalla-dalla, domin gobe wani zai zo maka da wasu ukun daban, alhali ba na kusa.

Abin da ya ruɗe ka shi ne abin da ke ruɗar yawancin masu saye, wato sunan i7, har ta kai wasu 'yan kasuwa ba sa faɗin komai game da na'ura sai wannan suna. Lambar da ke biye da sunan i7 ko i5 ita ce ke gaya maka shekarun furosesa. A 4785T, 4 ɗin farko na nufin zubi na huɗu, wanda ya fito a 2014, cibiyoyin aikinsa huɗu ne, kuma RAM ɗin da yake ɗauka, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a ciki, nau'in DDR3 ne. A 8500T kuwa, zubi na takwas ne na shekarar 2018, cibiyoyinsa shida, yana aiki da DDR4. Harafin T na ƙarshe yana nuna cewa an ƙera shi ne don ya ci wuta kaɗan, wat 35, saboda ƙaramin akwati ba ya iya fitar da zafi mai yawa. Don haka i5 ɗin da ka raina ya fi wannan i7 ƙarfi, ya kuma girme shi a amfani ko da yake ya bi bayansa a shekaru.

Akwai kuma abin da ya fi gudu muhimmanci a wannan magana. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum da yake ba Windows 10, kuma Windows 11 ba ta karɓar furosesan Intel irin waɗannan a hukumance sai daga zubi na takwas zuwa sama, tare da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Na san ka iya dabarar da ake bi a tsallake wannan sharaɗi, kowa a layinmu ya iya, kuma ba na hana ka yin ta a kan na'urar da kake koyo da ita. Amma Hajiya za ta riƙa shigar da lambobin NIN na mutane, da hotunansu, da lambobin duba sakamakon WAEC da NECO, wani lokaci har da bayanan katin banki idan za a biya kuɗin fom, kuma ba daidai ba ne ka ɗora amanar jama'a a kan na'urar da masu manhajar suka ce ba su ɗauki nauyinta ba. Wannan hukunci ya shafi zubi na shida da na bakwai ma, irin su i5-6500T da i5-7500T, waɗanda suka cika kasuwa yanzu suna arha saboda wannan dalili. Idan yaro ne zai koyi buga rubutu a gida, sai ka sa masa Linux Mint, manhajar da ke maye gurbin Windows, a kan irin wannan tsohuwa ta yi masa shekaru tana aiki lafiya, amma shagon da ake cin abinci da Word da CorelDRAW da firinta ba wurinta ba ne.

Saura biyu ke nan, kuma a nan ne zaɓin yake buƙatar natsuwa, domin kowacce tana da inda ta fi. N100 ya fito ne a 2023, cibiyoyinsa huɗu, kuma an tsara shi a kan wat 6 kacal, shi ya sa na'urorin da kamfanoni irin su Beelink da GMKtec suke ƙerawa da shi ba sa zafi sosai, ba sa ƙara, kuma suna karɓar Windows 11 ba gardama. Ga mai buɗe intanet, da buga wasiƙa, da kallon bidiyo, da rubuta lissafin shago, ya wadatar. Inda yake gazawa shi ne idan aiki ya taru a lokaci guda, misali an buɗe shafuka goma sha biyar a Chrome, ana tsara katin ɗaurin aure mai hotuna a CorelDRAW, ga sikana tana ɗaukar takarda, ga mutum huɗu a tsaye suna jira. A irin wannan yanayi za ka ga kibiyar maus tana tsayawa, kuma babu abin da za ka ƙara masa ya warke, saboda hanyar RAM ɗaya ce kawai gare shi, kuma iyakar da Intel ta ambata masa giga 16 ce. Wasu ma an manne RAM ɗin a jikin allon na'urar da dalma, ba ya ciruwa. Mafi muni a cikin sababbin su ne masu tsohon Celeron irin N4020, da RAM giga 4, da ma'ajiyar eMMC giga 64 wadda ita ma a manne take. Ko da kwalin yana ƙyalli, kada ka kai wa kowa irin wannan, domin Windows kaɗai za ta cinye rabin ma'ajiyar kafin a ajiye takarda ɗaya.

Ita kuwa Dell ɗin tana cikin dangin da na fi yarda da su a wannan sana'a, tare da Lenovo ThinkCentre Tiny irin M720q da M920q, da HP EliteDesk 800 G4 Mini. An ƙera su ne don ofisoshin Amurka da Turai, inda ake kunna su daga safe zuwa yamma, kuma bayan 'yan shekaru kamfanoni su sauya su gaba ɗaya su sayar da tsofaffin, shi ya sa suke iso mana da yawa kuma da sauran ƙarfinsu. Girman kowacce bai wuce lita ɗaya da 'yan kai ba, amma an yi ta ne don a buɗe a gyara, kuma kayan gyaranta suna nan a kasuwa, daga fanka har caja. Wannan shi ne abin da nake dubawa kafin komai, domin mu ne za a dawo wa da ita ranar da ta yi ciwo. Saboda haka ga aikin Hajiya, Dell ɗin za ka ɗauka, da sharaɗin ta ci jarrabawar da zan faɗa maka. Idan wani ya ambata maka Mac mini ta kamfanin Apple, na'ura ce mai kyau ƙwarai, musamman ta 2024 mai M4, sai dai kuɗinta ya wuce abin da ake magana a kai, RAM ɗinta ba ya ƙaruwa, kuma hannun ma'aikatan shagon ya saba da Windows.

Kada ka biya kuɗi sai ka buɗe ta a gaban mai sayarwa, kuma idan ya ƙi, ka yi masa sallama ka tafi. A bayan akwatin akwai sukuru ɗaya da ake kwancewa da yatsa, sai ka tura murfin gaba ya fita. Za ka fara ganin mazaunin faifai mai inci biyu da rabi, idan ka ɗaga shi sai ka ga ramin M.2 na SSD, wato ma'ajiya mai sauri wadda ba ta da faifai mai juyawa, da kuma ramin katin Wi-Fi. RAM ɗin yana ƙarƙashin fanka, sai ka matse 'yan maƙallanta ka ɗaga ta a hankali, kana lura da siririyar wayarta kada ka fizge. A nan za ka ga ramuka biyu. Idan giga 8 ne a rami ɗaya, ka ƙara wani irinsa su zama 16, domin idan suna biyu na'urar tana karanta su tare, kuma sashen hoto da ke cikin furosesa da su yake aiki. Tunda fankar tana hannunka, ka duba bakin ƙarfen da ke fitar da zafi, inda iska ke bi ta fita. Sau da yawa za ka tarar ƙura ta daskare a wurin ta zama kamar auduga, ta toshe hanyar, kuma wannan ne ke sa fanka ihu na'urar kuma ta yi nauyi. Ka share, ka cire ƙarfen, ka goge busasshen man da ke kan furosesa, ka ɗiga sabo kaɗan a tsakiya ka mayar. Ka kuma sunkuya ka shinshina, domin warin ƙuna ba ya ɓoyuwa, sannan ka duba ko akwai alamar tsatsa ko wurin da aka taɓa da dalma.

Idan faifai mai juyawa ne a ciki, ka cire shi ka sa SSD, aƙalla giga 256, in da hali 512, saboda shagon da ake ajiye hotuna da ƙirar kati yana cika da wuri. Idan da SSD ta zo, ka buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka ga lafiyarta da yawan awoyin da ta yi tana aiki.

Bayan haka sai ka kunna ka danna F2 ka shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ta buɗe, a HP F10 ne, a Lenovo kuma F1. Ka tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba, ka kuma karanta sunan furosesa da yawan RAM a can da idonka, domin takardar da aka manna a jikin akwati kowa na iya manna ta. Idan kwanan wata ya koma baya duk lokacin da aka cire wuta, ɗan batirin CR2032 ne ya mutu, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Daga nan ka sa sabuwar Windows 11 alhali na'urar tana haɗe da intanet, domin wasu daga cikin waɗannan tokumbo har yanzu suna cikin rajistar kamfanin da ya yi amfani da su, kuma sai a lokacin ne za ka ga sunan wani kamfani ya fito yana neman ma'aikacinsa ya shiga. Irin wannan ka mayar wa mai ita nan take. Lasisin Windows kuwa galibi yana cikin allon na'urar tun daga masana'anta, zai kama da kansa.

Ka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da filashi, na gaba da na baya, kada ka bar ko guda. Wannan ƙirar tana da HDMI da DisplayPort, amma 'yan uwanta da yawa DisplayPort kaɗai gare su, don haka ka tambayi Hajiya irin monitan da ke shagonta, in tsohuwa ce mai VGA sai ka haɗa mata da abin juya waya tun a kasuwa. Wi-Fi ma ba kowacce ke zuwa da shi ba, saboda ofisoshin can da waya suke shiga intanet, ita kuwa Hajiya da wayar hannunta ko MiFi za ta haɗa. Idan ramin katin fayau yake, ko ka sa kati da eriyarsa, ko ka saya mata na USB.

Maganar caja kada ka ɗauke ta da wasa. Dell ɗin tana son wat 65 a kan bolt 19.5, kuma a tsakiyar bakin cajar akwai wata siririyar allura da na'urar ke gane cajar da ita. Idan jabu ce, ko allurar ta karye, na'urar za ta kunnu amma ta rage gudun furosesa da gangan, sai a yi ta zargin Windows ko bairos alhali laifin na caja ne.  Ta Lenovo bolt 20 ce mai baki murabba'i, ba sa musanya da juna.

Abin da ya rage shi ne wuta, kuma wajibi ne ka faɗa wa Hajiya tun kafin ta ba da kuɗi cewa wannan na'ura ba ta da batir kamar laftof, da zarar NEPA ta ɗauke ta mutu, aikin da ba a ajiye ba ya tafi, kuma yawan mutuwa haka yana lalata Windows. Saboda haka ka sa kuɗin ƙaramin UPS mai VA 650, wato akwatin batir mai riƙe wuta, a cikin lissafi tare da monita da kibod da maus, domin farashin akwatin kaɗai ba shi ne kuɗin kwamfuta ba. UPS ɗin zai riƙe ta na wasu mintuna, abin da zai isa a ajiye aiki ko a tayar da janareta. Amma ka gargaɗe su kada su jona firinta mai leza a jikinsa, domin lokacin da take ɗumama kanta tana jan wat ɗaruruwa, za ta kashe shi. Idan shagon yana da sola da inbata, to nan ƙaramar kwamfuta take nuna amfaninta, domin ita da monitanta a aikin yau da kullum ba sa cin rabin abin da tsohuwar babbar kwamfutar tebur ke ci. Da a ce solar Hajiya ƙarama ce ƙwarai, kuma aikinta bai wuce cike fom da buga wasiƙa ba, da N100 mai RAM giga 16 da SSD mai ciruwa zan ce ka ɗauka. Yawancinsu bolt 12 suke amfani da shi, kuma wannan yana jan wasu su jona su kai tsaye a batirin sola, abin da ba zan yarda ka yi ba sai da na'urar daidaita wuta a tsakani, domin batirin da ake kira na bolt 12 yana haura 14 idan yana caji.

Ranar da za ka kai mata, kada ka bari a ajiye ta a ƙasa ko a cusa ta cikin durowa, ka ɗora ta a kan tebur inda gabanta da bayanta za su sha iska, ko ka maƙala ta a bayan monita idan akwai ramukan sukuru da ake kira VESA da ƙarfen ɗaurawa. Ka nemi mai sayarwa ya rubuta maka kwanakin gwaji da lambar Service Tag, wato lambar shaidar na'urar, a kan rasit, ka ba Hajiya kwafi, ka riƙe ɗaya a littafin shago. Sannan ka gaya mata ta aiko da ita a hure mata ƙura da zarar hunturu ya wuce, kafin zafin Afrilu ya kama, lokacin da Kano ke haura digiri 40 kuma fankar take buƙatar hanyar iskarta a buɗe.