Amsa ga ƙanina mai son zama a ƙauyen Ingila

Wa alaikumus salam ƙanina, na ga saƙonka tun jiya sai yanzu na samu zama. Ka ce ka samu gurbin karatun aikin gona a Brackenhurst, reshen jami'ar Nottingham Trent da ke kusa da Southwell, kuma kana so ka kama ɗaki a ƙauye saboda ka ji ance ya fi arha, kuma ka dinga samun ɗan aikin gona kana rage kuɗin makaranta. Allah ya sanya alheri, na yi maka murna sosai wallahi. Amma maganar zama a ƙauye ka dakata tukuna.

Bari in baka labarin wani ƙauye da na sani, sunansa Laxton, yana cikin yankin Nottinghamshire, tafiyar kamar minti arba'in da wani abu ne a mota daga Nottingham inda nake. Ɗan ƙaramin gari ne, mutanensa ƴan ɗaruruwa ne kawai, gidajen jan bulo a jere a bakin titi, kuma gidajen manoman suna cikin gari ne ba a tsakiyar gona ba kamar sauran wurare a nan. Dalilin haka shi ne har yau suna noma irin na zamanin da, wanda kusan duk Ingila ta watsar tun lokacin da aka yanyanka filaye aka kewaye kowace gona da shinge. A Laxton manyan filaye uku ne a buɗe, Mill Field da West Field da South Field, babu shinge a cikinsu, kowane manomi yana da dogayen yankuna warwatse nan da can, wani a ƙasa mai kyau wani a mai taɓo, don kada mutum ɗaya ya kwashe mai kyau shi kaɗai. Ana juyawa ne, fili ɗaya alkamar da ake shukawa kafin sanyi, ɗaya shukar bazara irin su sha'ir, na ukun a barshi ya huta, wato saura kenan irin yadda kakanninmu suke yi kafin ƙasa ta yi wa mutane kaɗan.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar iyaka. Duk shekara wajen ƙarshen Nuwamba wasu manoman garin da aka rantsar sukan zaga filin da ya gama hutunsa a shekarar, suna duba wa ya ci iyakar wani ko ya shigar da garma cikin hanyar ciyawa da aka bari tsakanin gonaki, suna kafa turaku na katako. Bayan nan sai a zauna kotun gargajiya da suke kira Court Leet a Dovecote Inn a ci tarar wanda ya yi laifi. Ranar da na fara tsayawa a gefen Mill Field ina kallon turakun nan da laka ta manne min a takalmi, wallahi gamba na tuna da ake dasawa a iyakar gona a gida, da burtali, da yadda mai unguwa yake fitowa da dattijai idan an yi rigimar iyaka. Har wurin tsare dabbar da ta shiga gonar mutane suna da shi, ɗan gini ne na bulo. Akwai taswirar garin da wani Mark Pierce ya zana a 1635, tana ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, ga kuma tudun da Normawa, wato mutanen da suka zo daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi a zamanin da, suka gina ganuwarsu a bayan gari, da tsohuwar cocin St Michael. Filayen garin suna hannun Crown Estate, hukumar da ke kula da kadarorin masarautar Ingila, daga 1981 har 2020 da aka sayar wa Thoresby Estate, wasu masu manyan filaye a yankin. Kai da zaka karanta noma dole ka je ka gani da idonka.

To amma zuwa gani daban, zama daban. Ƙauyen Ingila ba wurin talaka bane kamar namu, yawanci masu hali da ƴan fansho ne ke sayen gidajen, ɗakin haya na ɗalibi da ƙyar zaka samu, in ka samu ma ba lallai ya fi na gari sauƙi ba. Motar haya kuma ba ta zuwa akai akai, wasu ƙauyukan da yamma ko ranar Lahadi babu ita sam, in baka da mota ka maƙale. Babu masallaci, babu mai sayar da naman halal, Juma'a sai ka yi doguwar tafiya. Ga sanyi, a Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, ka leƙa waje tsit babu kowa, babu majalisa babu mai shayi, kowa ya rufe ƙofarsa. Mutanen suna da kirki, zasu gaishe ka a hanya da fara'a, amma kaɗaici yana cin mutum a hankali musamman shekarar farko, na ga yaran da ya tayar wa hankali.

Shi kuma aikin gonar, noman alkama a nan mutum ɗaya ko biyu da tarakta sun gama gonar da a gida sai an yi gayya, ba sa neman ƴan ƙwadago sosai. Kuma bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a sati lokacin karatu, kar ka kuskura ka wuce, kuma kar ka ɗora lissafin kuɗin makaranta a kansa.

Shawarata ka nemi ɗaki a cikin Nottingham, wajen Hyson Green ko Forest Fields akwai masallatai da shagunan halal, kuma akwai bas da ke tashi daga tsakiyar gari ya bi ta Brackenhurst. In ka iso a Satumba ka huta ka saba, wani Asabar cikin Nuwamba sai in ɗauke ka mu je Laxton, ka tanadi takalmin roba mai tsawo da rigar sanyi mai kauri don ƙasar wajen jar laka ce. Ka gaida min su Baba da Hajiya, kuma ka turo min ranar tashinka da zarar biza ta fito.