Kada ka sayi wata waya, duba adireshi tukuna

Na ga saƙonka tun bayan Magariba. Ka ce ka saka rauta ta biyu, wato na'urar raba intanet, a saman bene a gidan Hajiya da na tura ka a unguwar Aboabo ta Kumasi, wayoyin mutanen gidan suna kama Wi-Fi cike, amma wasu suna shiga intanet wasu ba sa shiga, wanda ya samu da safe kuma da yamma ya rasa. Sai ka rufe da cewa wai ko kebul ɗin da ka ja ne ba shi da kyau, in ba ka kuɗi ka je Adum ka sayo wani. Kada ka sayi komai. Wannan maganar ce ma ta sa na zauna ina amsa maka, don ni ma da bakina na taɓa faɗinta, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A 2015 ne, lokacin da dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Gana, ya addabi kowa, a ba ka wuta yau a hana ka gobe. Wani Alhaji mai gidan saukar baƙi a wajen Tafo ya kira ni. Bene ne hawa uku, rautar kamfanin intanet tana ƙasa wajen karɓar baƙi, ɗakunan sama ba sa samun komai. Na ja kebul, na saka ƙaramar rauta a kowane hawa, na gwada ɗaki-ɗaki a gabansa. Ya ba ni rabin kuɗi, ya ce ciko sai ƙarshen wata. Na yarda, don mutum ne mai furfura, kuma sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a.

Sati biyu aka yi lafiya, sai kira ya fara. In na je na buɗe laftof ɗina, komai garau. In na juya baya, baƙo ya sauko da ƙorafi. Zuwa na uku Alhaji ya tsare ni a gaban ma'aikatansa ya ce na saka masa wayar banza na ci kuɗin mai kyau. Kunya ta kama ni, har na fara zargin kaina, don akwai kebul a kasuwa da ake shafa wa alminiyon jan ƙarfe a sayar da shi da sunan na gaske. Na zari kuɗin da na ajiye na hayar shago, na sayo kwali guda na kebul Cat6, mita 305, jan ƙarfe zalla. Kwana biyu ni da yarona na lokacin muna kan tsani, muna zare tsoho muna zura sabo, ƙurar siminti har cikin hanci. Muka gama, aka ɗauke wuta, aka dawo da ita, matsala ta dawo yadda take.

Daren nan ban tafi gida ba. Na roƙi wani baƙo da tasa ta ƙi shiga ya ara min kwamfutarsa, na buga ipconfig, umarnin da ke nuna adireshin da aka ba kwamfuta. Ina kallo, gateway, wato ƙofar fita zuwa intanet, 192.168.0.1. Rautar kamfani kuwa 192.168.1.1 ce. Wa ya ba shi wannan adireshin? Na hau hawa na uku da gudu na juya rautar can. Ashe ɗan Alhaji, da ya dawo hutu daga jami'a, ya so ya canza kalmar sirri, bai san hanyar shiga ba, ya sa tsinken sakace ya danna riset. Rauta ta koma yadda ta fito daga kwali, DHCP ɗinta ya farka. Yaron ya mayar da sunan Wi-Fi daidai da na da, ya yi shiru abinsa.

To ka ji ciwon, kuma shi ne ciwonka na Aboabo. DHCP shi ne mai raba wa kowace waya adireshi, ya kuma nuna mata ƙofar fita. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. In masu rabo suka zama biyu a kan layi guda, waya tana shigowa za ta nemi adireshi, duk wanda ya riga amsawa shi za ta bi. Wadda ta bi babbar rauta ta fita. Wadda ta bi ƙaramar an nuna mata ƙofar da babu komai a bayanta, ga sandunan Wi-Fi cike, ga babu intanet. Dumso kuma ya ƙara dagula lissafi, don duk dawowar wuta sai a sake rabo, kuma ƙaramar ta fi ta kamfani saurin tashi.

Gyaran bai kai minti 5 ba. Yaron ya amsa laifinsa a gaban ubansa. Ka san abin da Alhaji ya ce? Wai tunda aikin minti 5 ne, me zai biya? Kebul kuma ai ba shi ya ce in sayo ba. Cikon kuɗina bai ba ni ba, na kwali bai ba ni ba, shekara ta zagayo ina bin sa har na gaji. Har gobe in mun haɗu a babban masallaci shi ke fara miƙo min hannu, yana tambayar iyali. Na bar shi da Allah, amma ban ce na manta ba.

Yanzu saurara. Ba zan koya maka matse kan kebul na RJ45 ko yadda ake shiga shafin rauta ba, wanda ya shekara a shagona bai iya wannan ba ya koma sayar da koko. Cire rautar sama daga layi, ka haɗa ta da laftof ita kaɗai. Fara da canza adireshinta ya shiga gidan babbar: in babbar 192.168.1.1 ce, ba wa wannan 192.168.1.2, ka tabbata rabon babbar bai haɗa da lambar ba, in ya haɗa ka matsar da shi ya fara daga 100. Bayan ta tashi ka shiga da sabon adireshi, sannan ka kashe DHCP. In ka fara da kashewa, kai ma ba za ta ba ka adireshi ba, ka rufe kanka a waje ka zo kana kira na. Kebul ɗin da ya taho daga ƙasa ya shiga ramin LAN na layin cikin gida, ramin WAN na layin waje ka bar shi fayau. Sababbin rautoci irin su TP-Link da yawa suna da saitin Access Point da ke yin wannan da kansa, amma ka iya na hannu, don ba kowane gida ne ke da sabuwa ba.

Suna da kalmar sirri ka yi su iri ɗaya sama da ƙasa, tsaro WPA2, canel kuma ka raba, a 2.4 GHz ƙasa 1, sama 6 ko 11.

Abin da ke ba ni haushi da ku 'yan yanzu, kun kalli bidiyo goma a YouTube amma ba wanda zai tsaya ya karanta lambobi huɗu a kan allo. Abu ya ƙi, sai a ce a sayo sabo, da kuɗin Masta, wato ni. Ni aƙalla a 2015 babu wanda ya riga ni cin wannan wuyar da zai faɗa min.

Gobe kafin ka buɗe shago ka biya gidan. Nemi wayar da ta ƙi shiga, buɗe bayanan Wi-Fi ɗinta, ka ɗauko min hoton adireshi da gateway kafin ka taɓa komai. In ka gama, liƙa salatif a kan ramin riset, ka rubuta adireshin rautar a takarda ka manna a ƙarƙashinta, ka gaya wa Hajiya a gaban 'ya'yanta cewa duk wanda ya danna wurin nan, zuwanmu na gaba da kuɗi ne. Cikonmu kuma ta tura ta MoMo, ta wayarta, kana tsaye. Ka taho min da filayata, tun ranar Talata take cikin jakarka.