Tambaya da Amsa: Zan Ajiye Iyali a Kanada In Dawo Bakin Aikina

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni injiniya ne a Kaduna, ina aiki da wani kamfanin gine-gine. Allah Ya nufa mun samu izinin zaman dindindin na Kanada, ni da maiɗakina da yaranmu uku. Niyyata in raka su birnin Kalgari, in kama musu haya, in sa yara makaranta, sannan in dawo bakin aikina, in riƙa leƙa su wata guda-guda sau biyu a shekara. Ina da gidan haya a Unguwar Rimi da wani fili a Rigachikun. Abokina ya ce tunda ba a can nake neman kuɗi ba, babu ruwana da harajinsu. Haka ne? Kuma katina na zaman dindindin ba zai samu matsala ba?
Wani mai karatu, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Injiniya. Allah Ya sanya alheri. Abokin nan naka ya faɗa maka abin da ranka yake so ka ji ne, amma dokar ba haka take ba. Hukumomi biyu ne za su bibiye ka a Kanada, kuma kowacce da ma'auninta. Hukumar shige da fice, IRCC, kwanakin da ka kwana a ƙasar take ƙirgawa. Hukumar haraji, CRA, ita kuwa ba ƙafarka take kallo ba, inda gidanka da matarka da 'ya'yanka suke take kallo. A tsarin da ka zana, ta farko za ta ce ba ka nan, ta biyu ta ce kana nan daram. Ka ga an yi asara biyu ke nan.

Mu fara da kati. Mai zaman dindindin dole ya yi kwana 730 a cikin Kanada a kowace shekara biyar. Ba sai a jere ba, amma dole su cika. Wata biyunka a shekara kwana 300 ne a shekara biyar, ko rabi bai kai ba. In kana so ka tsira sai ka riƙa yin kusan wata biyar a can duk shekara, kuma ina shakkar akwai kamfanin gine-ginen da zai lamunta maka haka. Ana ƙirga wa mutum kwanakin da ya yi a waje in wani kamfanin Kanada ne ya tura shi aiki, ko yana tare da matarsa 'yar ƙasa a wajen. Babu ko ɗaya da ya hau kanka. Matsalar takan taso ne ranar da aka je sabunta katin, ko a filin jirgi in jami'i ya zauna ya yi lissafi.

Sai haraji, wanda shi ne ya fi tsayawa mutanenmu a wuya. Gida da mata da 'ya'ya su ne manyan alamomin da CRA take kafa hujja da su, kuma kai dukkansu za ka ajiye a Kalgari. Da zarar ta ɗauke ka mazaunin ƙasa, sai ka bayyana duk abin da ka samu a duniya: albashinka na Kaduna, kuɗin hayar Unguwar Rimi, ribar da ta shigo asusunka na banki, a mayar da su dalar Kanada, a miƙa kafin ƙarshen watan Afrilu na kowace shekara. Wannan ba yana nufin za ka biya sau biyu ba. Akwai yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Kanada da aka sa wa hannu a 1992, kuma ana rage maka abin da ka riga ka biya a gida. To amma sai da shaida. Na albashi mai sauƙi ne, tunda kamfani yake cirewa ya kuma ba da takarda. Na haya fa? Mun san yadda ake karɓar haya a garuruwanmu, daga hannun dillali zuwa aljihun mai gida. In babu rasit daga hukumar tara haraji ta jiha, babu abin da za a rage maka.

Yarjejeniyar tana da hanyar raba gardama in ƙasashen biyu kowacce ta ce kai nata ne: ana duba inda kake da gidan zama na dindindin, sai inda rayuwarka da harkokinka suka fi karkata. Mai yiwuwa ka ci nasara a nan, tunda aikinka da dukiyarka suna Kaduna, amma hukunci ne da akantan da ya san harajin baƙi zai duba maka da takardu a gabansa, ba a majalisar abokai ba. Ko da an ce kai ba mazauni ba ne, Hajiya in ta nemi tallafin yara sai ta rubuta abin da kake samu, domin da kuɗin shigar miji da mata ake auna shi.

Ga wani abu da zan so ka yi tun kafin ka sayi tikiti. Ka nemo ƙwararren mai ƙiyasta kadarori ya rubuta maka darajar gidan da filin, da kwanan wata da hatimi. Kanada tana ɗaukar kamar ranar da ka zama mazauni ka sayi kadarorinka a farashin ranar. In ka sayar daga baya, abin da ya ƙaru daga wannan rana kaɗai za a yi wa haraji. Mai takarda ya huta, marar takarda sai ya yi ta rantse-rantse. In kuma darajar kadarorin da kake neman kuɗi da su a wajen Kanada, a farashin waccan rana, ta haura dalar Kanada 100,000, akwai fom T1135 da ake cikewa daga shekara ta biyu, tarar jinkirinsa tana kaiwa dala 2,500. Kuɗin guzirinku babu haraji a kansa, sai dai in ya kai dala 10,000 dole ku faɗa a filin jirgi.

Ni dai a ganina taura biyu kake son taunawa. Ko ka sa wa kanka wa'adin ajiye aiki, misali shekara biyu, ka koma can da sauran shekara uku a hannunka, wanda ya ishe ka cika kwana 730 har da rara. Ko kuma ku zauna da Hajiya ku yarda cewa kai ba mai tashi ba ne yanzu: ka riƙa zuwa da bizar ziyara bayan ka sauke matsayin zaman dindindin a hukumance, ranar da ka shirya ita ta nema maka a matsayin mijinta, muddin tana zaune a can. Kafin ka zaɓa, ka tambaye ta ko ta shirya yin hunturun Kalgari ita kaɗai da yara uku.