Ko dole sai an fita waje kafin a yi binciken nukiliya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sai ƙanenka ya bar Gana kafin ya zama mai binciken nukiliya. A'a, ba dole ba ne. A Kwabenya, nan Accra, Hukumar Makamashin Nukiliya tana da ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike mai ƙarfin kilowat 30, ga kuma makarantar digiri na biyu da na uku. Marigayi Farfesa Francis Allotey ma, masanin lissafi da kimiyya ɗan Gana, bayan digirinsa na uku a Jami'ar Princeton ta Amurka a 1966, gida ya dawo ya yaye ɗalibai a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi.

Amma fa sai ƙanen naka ya riƙe lissafi hannu bibbiyu. Na ga yaranmu na unguwar Nima masu kaifin kai, lissafi ya kayar da su tun shekarar farko, abin ya yi mini ciwo. Ku zauna yau ku duba makinsa.