Wane ne Anonymous da ake rubutawa a kan tsofaffin waƙoƙin cocin Ingila?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ce ke koyar da mawaƙa a cocinmu. Ina yawan sauraron tsofaffin waƙoƙin sujada na Ingila a YouTube, irin waɗanda ba ganga ba molo, sai muryoyi zalla. A gurbin sunan mai waƙa sai in riƙa ganin Anonymous. Mutum ne? In ba mutum ba ne, ina sunayen suka shiga, kuma me waƙoƙin suka bar mana?

Amsa: Malama, barka kadai. Ba mutum ba ne. Kalmar na nufin ba a san mai ita ba, kuma akasarin abin da ya rage na waƙoƙin cocin Ingila kafin shekarar 1400 haka yake.

Tun asali ma ba a damu da sa suna ba. Littafin waƙa kayan aiki ne a wurin 'yan zuhudu. Akwai wani littafi daga Winchester, na farkon ƙarni na 11, mai ɗauke da waƙoƙi sama da 150 na muryoyi biyu, ba wadda aka rubuta wa suna. Alamomin da ke saman kalmomin suna nuna murya ta hau ko ta sauka, amma ba su faɗi iya hawan ba, domin tuni ne kawai ga wanda ya riga ya haddace. Saboda haka duk wanda kika ji yana rera su a yau, akwai kirdado a ciki.

Sai kuma wuƙa. An saba ɗora wa Sarki Henry na 8 laifin duka, shi da ya rufe gidajen zuhudu tsakanin 1536 da 1540. Yana da nasa kaso, haka ma waɗanda suka gaje shi, domin da aka mayar da sujada Turanci a 1549 an lalata littattafan Latin masu yawa. Amma tun kafin haka masu littattafan da kansu suna yanka su. Fatar rubutu tsada gare ta, waƙa kuwa yayinta na wucewa. A Worcester, littattafan waƙa na ƙarni na 13 da farkon na 14 aka yayyanka aka yi bangon wasu littattafai da su. Da masana suka ɓamɓaro su daga baya, sai ga shafi da tabon manne, muryar sama tana nan, ta ƙasa wuƙa ta tafi da rabinta. Daga irin waɗannan gutsattsarin aka tsinto waƙoƙi kimanin 100.

Wani abin dariya: akwai Bature ɗan Ingila da ya yi rubutu wajen 1280 a kan waƙoƙin cocin Notre Dame na Faris. Albarkacinsa muka san sunayen Leonin da Perotin, manyan mawaƙan can. Shi kuwa nasa sunan ya ɓace, sai lamba aka ba shi, ana ce masa Anonymous na 4. Shi ne ya shaida cewa mawaƙan yammacin Ingila suna ɗaukar tazarar da ake kira ta uku tsakanin murya da murya, kamar do da mi, a matsayin mafi daɗi, alhali masana na lokacin ba su ɗauke ta cikakkiyar jituwa ba. Wannan zaƙin ne kunnenki ya kama.

A ganina babban gadon yana cikin waƙar sujada guda, wadda ake kira Caput, ta wajen 1440. Kalmar Latin ce, tana nufin kai, wato kan mutum. Mai ita ya ɗauko dogon karin da ake ja a kan wannan kalma a ranar Alhamis ta gabanin Ista, lokacin wanke ƙafafu, inda Bitrus yake cewa ba ƙafafunsa kaɗai ba, har da hannuwa da kai. A kan wannan karin ya gina sujadar gaba ɗaya. Bai tsaya nan ba: ya sa wata murya a ƙarƙashin mai riƙe da karin, ta zama harsashi. Waƙar ta ƙetare teku, aka kwafe ta a littattafan Trento a arewacin Italiya, inda aka liƙa mata sunan Dufay, fitaccen mawaƙin zamanin. Sai a ƙarni na 20 bincike ya nuna ta wani ɗan Ingila ce da ba a san shi ba. Mawaƙan nan Ockeghem da Obrecht, waɗanda kowa ya san su a wannan fage, duk sun yi tasu a kan tsarinta.

To Malama, duk ranar da kika jera mawaƙanki kashi huɗu, suprano da alto da tena da bas, kina kan turbar da wannan waƙa ke cikin na farkon sharewa. Waƙoƙin da ke littafin cocinki dai yawancinsu na baya-bayan nan ne, na ƙarni na 18 da na 19, kada a ce miki daga Worcester suka zo. Jerin muryoyin ne tsohon.

Idan kina son gwadawa da mawaƙanki, kada ki fara da Caput, doguwa ce kuma za ta wahalar da su. A kwalejin Trinity ta Kambirij akwai wata fata da ake naɗewa kamar tabarma, mai waƙoƙi 13 na bayan 1415, na muryoyi biyu zuwa uku, kowace da amshi. A cikinsu akwai ta Kirsimeti mai kwatanta Maryamu da fure, wadda mawaƙin Ingila Benjamin Britten ya ɗauki kalmominta ya yi musu sabon kari a 1942. Ki nemi tsohuwar, ki fara koya musu amshin.