Amsa: Ciwon kai kullum da ƙara a kunne

Sannu 'yar'uwa, Allah Ya kawo sauƙi. Kin ce kullum kanki na sarawa, kunnenki na ta yin "wiii" musamman da dare, ga magani kina ta sha amma shiru.

Ni maganin nan zan fara tuhuma. Wanda ke shan paracetamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, har tsawon wata 3, maganin da kansa yana iya zama silar ciwon kan. Mai codeine a ciki kuwa, kwana 10 ma ya isa. Asfirin da yawa shi ma yana sa kunne ƙara. Ki riƙa rubuta ranakun da kika sha, ki kai wa likita, ya tsara miki yadda za ki rage.

A can ki nemi a auna hawan jininki, a gwada jinki, a kuma leƙa cikin idonki. Na idon nan kada ki yi wasa da shi: in ƙarar tana tafiya daidai da bugun zuciyarki, ganinki na dishi-dishi, ciwon kuma ya fi tsanani in kin kwanta, wataƙila ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ne ya yi matsi, kuma yana iya taɓa gani. In kunne ɗaya ya daina ji farat ɗaya, ranar ki tafi asibiti.

Da dare kada ki kwanta cikin shiru tsit, nan ƙarar ke samun fili. Ki kunna fanka ko sautin ruwan sama a waya, can ƙasa-ƙasa. Ki kuma tsayar da lokacin barcinki.