Oga, haibirid zan koya ko lantarki zalla?

Jiya muna rufe gareji ka tare ni da tambaya, na ce ka bari in huta tukuna. Ka ce abokanka masu son mota sun cika maka kunne cewa haibirid, wato motar da ta haɗa injin fetur da injin lantarki, rayuwarta gajera ce, ba kyau, ba ƙarfi, kuma Toyota ta makara a harkar lantarki. To me zai sa ka ɓata shekarunka a kanta? Zauna, yarona, ka ji.

A kan muni, ba su yi ƙarya ba. Ɗauki Prius, haibirid ɗin Toyota: ta farko ta fito a Japan a 1997, ta biyu kuma a 2003, da ƙusumbin bayan nan da mutane suka yi ta yi wa dariya. Amma ba ganganci ba ne. An zana ta ne don ta ratsa iska ba tare da wahala ba, har ma'aunin turjiyar iskarta ya sauko 0.26. Ta huɗu ta kai 0.24. Da aka zo ta biyar, wadda ta shiga kasuwa a 2023, sai aka kwantar da rufin, aka sa manyan tayoyi, ma'aunin ya hau 0.27. Ka ga ke nan kamfanin da kansa ya yarda ya rasa ɗan abu don mota ta burge ido. Surutun abokan naka ya kai kunnen masu ƙira.

Batun ƙarfi ne nake so ka nutsu a kai. Injin fetur ɗin Prius na tsarin Atkinson ne: bawul ɗin shigar iska yana jinkirin rufewa, sai mai ya yi auki, amma injin ba ya da kuzari a tashin farko. Nan ne injin lantarki ke shiga, don shi daga tsaye yake ba da dukkan ƙarfin juyinsa. Tsakaninsu akwai wani tsarin haƙoran giya, babba a waje, ƙarami a tsakiya, 'yan ƙanana suna zagaye shi, shi ke raba ƙarfi. Injinan lantarkin biyu ne, MG1 da MG2. Na farkon yana tada injin fetur yana kuma cajin batir, na biyun yana juya taya, idan ka taka birki kuma ya koma janareta ya mayar da wuta cikin batir. Shi ya sa za ka buɗe bonet ka nemi kik da altaneta ka rasa, shi ya sa kuma takalmin birkinta ke daɗewa bai cinye ba. Abin da ke ɓata wa masu son gudu rai shi ne idan sun take totur injin ya yi ta gunji da murya ɗaya, ba sa jin canjin giya. Ni ma, gaskiya, sautin bai taɓa yi mini daɗi ba.

Dabarar kamfanoni kuwa, kowa da lissafinsa. Toyota ta ce kayan batirin mota ɗaya mai lantarki zalla za su isa haibirid 90, ko masu caji da waya 6. A 2019 ta buɗe haƙƙin fasaharta ta haibirid kusan 24,000 kyauta har zuwa 2030, kuma ba don sadaka ta yi ba, so take tsarinta ya bazu. Nissan a 2016 ta fito da e-Power, inda injin fetur ba ya juya taya, wuta kawai yake samarwa. BYD ta China ta daina ƙera mota mai fetur zalla a 2022, amma ba ta daina ƙera haibirid mai caji ba. Waye zai ci gardamar, wannan sai su. Abin da ya shafe ka shi ne batir mai babbar wuta, inbata (na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wadda injin lantarki ke aiki da ita), injin lantarki da kwamfutar da ke tafiyar da su, duk suna cikin haibirid, kuma su ne za ka tarar a mota mai lantarki zalla. Ga injin fetur ɗin da ka fara koya yana nan gefe.

Sai dai aikin ba ya yafe sakaci. Batirin Prius ta biyu sassa 28 ne, kowanne bolt 7.2, jimla 201.6, inbata kuma tana ɗaga wutar har 500. Duk wayar da ka gani mai launin lemo, kada ka taɓa sai ka sa safar roba ta masu aikin wuta, ka zare fulogin katse wuta ka jefa a aljihunka, ka jira minti 10, sannan ka auna da mita. Wani yaro da na taɓa riƙewa ya zuba man kwamfireso na motar yau da kullum a AC ɗin haibirid. Kwamfiresonta da lantarki yake aiki, wayoyinsa cikin man suke, man ND-11 yake sha. Wuta ta fara zurarewa, mota ta ƙi nuna READY, alamar cewa ta tashi, sai da muka wanke layin gaba ɗaya.

Kuma kafin ka yanke wa babban batir hukunci, duba ƙaramin mai bolt 12, don in ya mutu motar ba za ta farka ba. Farar motar nan da aka kawo da yamma, mai ita ya rantse batir ne. Ni fankar da ke sanyaya batirin nake zargi. Gobe da safe ka cire kujerar baya, ka ciro fankar ka kawo mini kafin ka goge ta, ina so ka ga ƙura da gashin da suka toshe ta da idonka.